Ɗinkin da Nake Warwarewa

Shekara goma sha tara muna shago ɗaya da Dogo, keken ɗinkina a bakin taga, nasa a jikin bango. Shi ya koya mini ɗora wuyan riga, kuma duk layin babu telan da ke ji da hannunsa kamar shi.

Wata rana na ɗauko rigar da ya gama zan goge, sai na ga kalmasar hannun ta karkace kamar sawun maciji. Dogo fa! Na saci kallonsa, na ga ya karkatar da kai gefe guda yana laluben kafar allura. Nan take na san matsalar ido ce. Na buɗe baki, nauyinsa ya kama ni, na haɗiye maganar.

Washegari na riga shi zuwa. Na warware, na sake ɗinkewa, na mayar inda ya ajiye. Wasa-wasa sai abin ya zame mini aikin kullum.

Idan ya tarar da ni da sassafe sai ya ce, "Kai, ko maiɗakin ce ta koro ka?"

"Ai gara ƙarar keke da tata," in ce masa. Mu kwashe da dariya.

Ita kuwa matar tawa ba ta gaji da faɗa mini ba. "Ka gaya masa mana. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

"Ke dai ba ki san zaman maza ba," na ce. Wai ni mai rufa asirin aboki. Kaico!

Almakashi ne ya tona mu. Ɗinki ana warwarewa, yanka ba a mayarwa. Dogo ya shimfiɗa yadin wani mutum, ya bi ta gefen alli ya raba gaban rigar biyu. Ya daɗe yana shafa wurin da yatsa, sannan ya ce, "Zo ka duba mini. Gefen nan duhu nake gani."

Ni na raka shi asibiti. Likita ta gama haske-haskenta, ta ce hawan jinin ido ne, jijiyar idon hagu ta mutu, na dama kuma saura kaɗan. "Da kun zo bara waccan, da maganin ɗigawa ya tsayar da shi. Baba, ba ka lura da komai ba a wajen aiki?"

"Na ɗauka gajiya ce, likita. Aikina lafiya lau yake fita, ko riga ɗaya ba a taɓa dawo mini da ita ba. Ga abokina nan, tambaye shi."

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige.

A kan bencin baranda na gaya masa komai, ina kuka kamar ba mai furfura ba. Sai da na gama ya jefo mini tambaya.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Ya jinjina kai. "Da ka jefo mini rigar a fuska ranar, ka ce Dogo ka yi shirme, da na yi fushin kwana uku. Kwana uku kacal."

Ya miƙe, ya yi taku biyu, ya tsaya ya miƙo hannu ta inda ba na tsaye.

"Kama ni," ya ce. "Ban ga matakalar ba."