Ruwa a Cikin Mai

Injin ya yi tari, ya sake yi, sannan ya ɗauke ɗif. Farfelar da ke hancin jirgin ta ci gaba da juyawa a kasalance, iska ce kawai ke kaɗa ta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Surajo.

Bai daɗe da barin rufin gidajen Kubwa a baya ba. Ya dubi allurar mai, tanki a cike. Ya juya zuwa tankin dama, ya sake tayarwa. Shiru. Nan take ya gane abin da ya faru.

Da safen nan ƙaninsa Sadisu ya bugo daga Katsina: Inna ta rasu, jana'iza bayan azahar. Ogansa mai jirgin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mota ba za ta kai ka ba. Ɗauki ƙaramin, je ka sallaci mahaifiyarka."

Jirgin a fili ya kwana, ruwan sama kuwa ya kwana yana zuba. Ƙa'ida ce kafin tashi matuƙi ya tsiyayi mai kaɗan a kofi daga ƙarƙashin fiffike, ya ɗaga kofin ya duba, don in ruwa ya shiga tanki, ƙasa yake kwanciya. Surajo bai taɓa tsallake wannan ba. Yau kofin na hannunsa Sadisu ya sake kira, yana tambayar wa zai shiga kabari ya karɓe ta. Ya cusa kofin a aljihu, ya share ido, ya hau.

Ya sanar da hasumiyar filin jirgi ta rediyo cewa injinsa ya mutu. Ƙasa na tasowa da sauri. Can ya hango fadama kore shar, shanu a gefe guda. Ya karkata, ya daidaita, ya riƙe numfashi. Tayoyi suka taɓa ciyawa, laka ta cafke ta gaba, jirgin ya kife da hanci.

Wani dattijon makiyayi ne ya janyo shi waje. Ya ce sunansa Yero.

"Sannu, bawan Allah! Kana da rai? Jirgin naka kiwo ya zo?"

Surajo bai iya dariya ba. Goshinsa na jini, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Masu ceto suka ce masa ta waya suna tafe, amma hanyar duk taɓo ce. Yana zaune a kan fiffike rana ta karkata. Yero ya zuba masa ruwa ya yi alwala, suka yi azahar.

Wayarsa ta yi ƙara. Sadisu ne.

"Yaya, kana ina? An fito da ita. Liman ya ce hadari ya haɗo, kabari zai cika da ruwa. Mu jira ka?"

Surajo ya dubi jirgin.

"Kada ku ajiye ta saboda ni. Kai za ka karɓe ta, Sadisu. Ka tallafi kanta a hankali, ka ji? Kuma kada ka kashe wayar, saka ta a aljihu."

Ya ɗora wayar a kan fiffike, ya fuskanci gabas. Yero ya kafa sandarsa a laka, ya tuɓe takalmi, ya matso har kafaɗarsa ta taɓa ta Surajo.

Daga cikin aljihun Sadisu, can nesa, muryar liman ta taso.

"Allahu Akbar."

Surajo ya ɗaga hannun da ya yarda ya ɗagu.