Layi Biyu, Safiya Ɗaya

"Buɗe bakin in gani, Yaya," na ce mata.

Tela ta kau da kai, ta ci gaba da taka keken ɗinki. Allurai na jere a leɓenta kamar kullum. Haka take aiki, hannu a kan yadi, baki ya zama ma'ajiyar allura. Sai da na tare mata haske sannan ta zare su ta soke a gefen zaninta.

"Ke dai akwai ki da sa ido. Allura ce ta soke ni a harshe."

"Allurar da ta soke ki tun bara?"

Ta buɗe. Gefen harshen ya yi fari, tsakiyar ta rarake. Ni wanki da guga na sani, amma ina gane tabon da ba zai fita ba.

Bango ɗaya ya raba ɗakina da nata a gidan haya. Mazanmu duk sun rasu. Ɗanta tilo yana wani gari mai nisa, yana dako a kamfani. In tana nemana, sai ta ƙwanƙwasa bangon da gindin almakashi, in ajiye dutsen guga in leƙa.

Kayan 'yan makaranta take ɗinka wa wani ɗan kwangila. Safiya ɗaya a mako yake raba yadi a sitonsa, wadda ba ta kan layi ba ta da aikin makon. Asibitin da ake duba baki kuwa yana can ƙarshen gari, su ma safiya ɗaya suke ganin mutane, kuma ita ce dai wannan safiyar.

"Ki tafi asibiti, ni zan tsaya miki a layin yadi," na ce.

Na je na tsaya. Ɗan kwangilar ya dube ni sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, ban san hannunki ba. Wadda na san ɗinkinta nake ba yadina."

Ita kuma kafin mota ta kai ta, an gama karɓar mutanen ranar, aka ce ta dawo wani makon. Muka haɗu a bakin ƙofa, ni babu yadi, ita babu likita. Ta yi dariya har ta dafe muƙamuƙi.

"Kin ga mun yi biyu babu. Harshe zai iya jira, Mai Guga. Mai gidan haya ne ba ya jira."

Daga nan ta zaɓi layin yadi. Ta sayo ruwan kurkure baki a kemis, ta daina sa allura a baki, ta zauna jiran ciwo ya warke tunda ta raba shi da abin da ya jawo shi. Na yi faɗa, na yi lallashi, har gaba na yi da ita ta yini guda. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba taurin kai ba ne kaɗai.

Sai wari ya fara. Matan gidan da ke cika ɗakinta da hira suka koma gaishe ta daga bakin famfo. Ta saki labule, ta koma shan abu mai ruwa-ruwa da ƙaramin cokali, ita kaɗai. Ko ni, in na shiga, sai ta juya fuska bango take amsa mini.

Da wuyanta ya kumbura, ɗan kwangilar ya shinshina ɗinkin da ta kai, ya ce ta je ta huta tukuna. A haka ta sami safiyar zuwa asibiti. Na raka ta.

Likitar ta haska bakin, ta taɓa wuyan.

"Mama, ba allura ba ce. Ciwon daji ne, kuma ya sauka wuya. Da yana ɗan ƙarami kika zo, da an cire. Ina kika tsaya?"

Tela ta motsa baki da ƙyar. "Layi."

Aka ce na'urar da za ta taimaka tana wani birni, can ma akwai jira. Muka dawo da maganin rage zafi.

Ta hana ni kiran ɗanta, wai in ya bar aiki wani zai maye gurbinsa. Da magana ta ɗauke gaba ɗaya, na kira shi ba da izininta ba. Ya ce zai roƙi shugabansu, ƙarshen wata yana tafe. Ni da ita muka koma magana da bango: ta ƙwanƙwasa, in kai ruwa in jiƙa mata leɓe.

Wata rana da hantsi na gama guga kaf, ban ji almakashi ba. Na ɗaga labule. Tana kwance ta fuskanci bangona, almakashin na hannunta.

Ɗan ya iso bayan an yi jana'iza, an gama komai. Ya zauna kan kujerar keken, yana shafa inda ƙafarta ta goge fenti.

"Inna, ta bar mini wata magana?"

Na miƙa masa almakashin.

Ba a daɗe ba aka sa sabon ɗan haya a ɗakin. Ranar da ya tare, ina tsakiyar guga, na ji ƙwanƙwasa a bango. Ƙusa yake kafawa, zai rataya madubi. Sai a bakin ƙofarsa na ankara, ina tsaye da kofin ruwa a hannu.