Asabar ɗin Alhaji Mudassiru

Aikin Fatiha a kamfanin casar shinkafa na Bagudo gadi ne, sai dai babu sanda babu tocila. Kwamfuta ce a gabanta, tana lura da duk wanda ya shiga rumbun bayanan kamfani, daga ina ya shiga, kuma me ya taɓa. In an shigo daga inda ba a saba ba, sai jan rubutu ya fito, ita kuma ta bi sawu. Da wannan aikin take riƙe da mahaifiyarta a ƙauyen Sharabi, kuma ba ta da wani.

Manajan kamfanin, Alhaji Mudassiru, mutum ne mai dogon carbi. Tun da aka ƙaddamar da shari'a, babu taron yaƙi da baɗala da bai zauna a sahun gaba ba. Ya taɓa korar direba don an ga kwalba a motarsa, daga baya aka gane ta manja ce, amma bai mayar da shi ba. To, wannan bawan Allah, duk Asabar sai jan rubutu ya fito da sunansa: an shiga daga Sagbana, cikin ƙasar Benin. Wayar ofis da ke aljihunsa ba ta iya rufin asiri ba, har sunan mashayar da ya hau intanet ɗinta take faɗa. Shi kuma ko yana jiƙa maƙoshi sai ya leƙa saƙonnin ofis.

Ranar da Fatiha ta fara gani, da hanzari ta same shi. Ya tashi ya rufe ƙofa da kansa.

"Ɗiyata, ni na. Wani ɗan'uwa nika dubawa, ba shi da lahiya. Ki rubuta an sani, ki ruhe. Ba sai Birnin Kebbi sun ji ba."

Ta rubuta, ta rufe. Ɗan'uwan nan ya shekara bai warke ba bai mutu ba, kuma ciwonsa ba ya tashi sai Asabar. Kunyar babba ta sa ta riƙa rufe gargaɗin da sunanta, mako bayan mako.

Wata Talata da hantsi, Alhaji ya tara ma'aikata a harabar injin yana musu nasiha kan riƙon amana. Fatiha na jiyo shi ta taga, sai ga jan rubutu: manaja ya shiga daga Benin. Ta leƙa. Ga manaja can a tsaye, hannu ɗaya carbi, ɗayan yana nuna sama.

Ta koma kan kwamfutar. Wanda ke ciki ba saƙonni yake karantawa ba. A hankali yake zagayawa, yana buɗe wuraren da Alhaji bai ma san akwai su ba, yana duba wa ke da ikon taɓa bayanan manoman da ke kawo shinkafa. Bai ɗauki komai ba tukuna, leƙe yake irin na ɓarawon da ya zo ganin inda katanga ta gajarta. Da ya fara ƙoƙarin buɗe wa kansa sabon suna, Fatiha ta datse shi, ta kulle shigar manaja, ta buga waya hedkwata. Ba sai an yi dogon bincike ba, a intanet ɗin mashayar nan aka kwashe lambar sirrin Alhaji.

Washegari Malam Bunyaminu, mai binciken hedkwata, ya iso daga Birnin Kebbi da jaka da fuskar aiki. Ya yaba mata sosai. Har ta fara jin daɗi, sai ya koma baya cikin gargaɗin da aka rufe, ya juya ga Alhaji.

"Ranka shi daɗe, waɗanga na Asabar hwa? Kai na?"

Alhaji ya dafe ƙirji. "Ni? Benin? Wallahi ƙahwata ba ta san hanyar ba! Ashe ɓarayi sun shekara suna yawo da sunana, wadda munka aje gadi tana barci!"

Fatiha ta ɗago kai. Ta dubi mutumin da ya kira ta ɗiyarsa, shi kuwa yana ta jan carbi kamar ana biyansa. Ta san in ta yi shiru aikinta ya tafi.

"Malam, na Asabar daga wayatai sunka hito, na jiya daga wata kwamfuta. Shi yac ce in ruhe." Ta juyo da allon kwamfutar. "Kuma ba shi ɗai na ba. Ga duk wayoyin kamfani da sunka taɓa hawa intanet ɗin mashayar can ta Sagbana."

Malam Bunyaminu ya matso da gilashinsa. Ya ga sunan akantan kamfani. Ya ga na shugaban sufuri. Ya gangara ƙasa kaɗan, sai ga nasa sunan, ya cire gilashin ya shiga goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ashe bikin Sallar bara bai ƙare masa a Birnin Kebbi ba.

Ya ce, "Ki yi hattara, Malama. Kin gani da idonki wani ya kai kwalba baki? Kina da shaidu? Ƙazahi ga manyan mutane ba wasa na ba, ƙasar shari'a muke."

Alhaji ya gyaɗa kai cike da tausayin halin da tarbiyyar 'yan zamani ta shiga.

Rahoton da ya fita ya yi kyau ƙwarai. Ya ce miyagu daga ƙetare sun daɗe suna sojan gona da sunayen manyan ma'aikata, kuma sakacin mai lura ne ya ba su dama. Ya ce a bakin iyaka wayoyi kan kama sabis ɗin Benin da kansu, don haka gargaɗin shiga daga can hayaniya ce kawai, a kashe shi gaba ɗaya. Wanda ya shigo ranar Talata kuwa, ko layi biyu bai samu ba. Aka yi wa Alhaji jaje a masallaci. Aka ba Fatiha takardar sallama.

Tana cusa kofinta da sallayarta a leda, tana tunanin yadda za ta gaya wa mahaifiyarta, sai ga Alhaji da Malam Bunyaminu a bakin ƙofa. Tun safe suke fama da kwamfutar, sun danna nan sun danna can, jan rubutun ya ƙi mutuwa. Gobe kuma Asabar.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya sassauta ta.

"Ɗiyata, kahin ki tahi, don Allah zo ki kashe muna abin ga."