Wa Ya Cinye Min Wake

Ma'azu ɗan Funtuwa ne, yana karatun hadisi a Alƙahira, yana zaune a unguwar Faisal da abokinsa Badamasi. A shekarar 2012 ya samu ɗalibin da zai koya wa Larabci a unguwar Ma'adi, wani dattijo ɗan Suwidin mai suna Gunnar, gashi har kafaɗa, kunne ɗaya ya mutu.

Gunnar ba ya iya haddace kalma biyar, amma tarihin ƙungiyarsu ta kiɗan rok yana bakinsa kamar ya haɗiye. Sunanta da Hausa Ƙararrawar Ƙarfe. Faifansu na farko a rumbun kifi suka ɗauke shi, uwar mai ganga ce kaɗai ta saya. Na biyu ya karɓu a Japan, ba su taɓa sanin dalili ba. A na uku suka ƙure ƙara har kunnensa ya tafi, mai jita ya gudu da matar mai ganga, ƙungiya ta watse.

"To me ya kawo ka Masar, Malam Gunnar?" in ji Ma'azu.

"Shiru nake nema."

Ma'azu ya saurari hon ɗin motoci ta taga, ya ba shi haƙuri da Larabcin Masar, "Ma'alish."

Da shiru ya gagara, Gunnar ya yanke shawarar yin faifai na huɗu da hayaniyar garin. Ya bi Ma'azu Faisal da na'urar ɗaukar sauti, ya kafa ta a baranda. Ma'azu ya shiga kicin da yunwa, ya tarar an share tukunyar wakensa tas. Ya fito ya ɗaga muryar nan da ya horar wajen tilawa.

"Badamasi! Wa ya cinye min wake? Wallahi Allah ya isa!"

Badamasi ya rantse shi azumi ma yake yi. Ashe na'urar ta ɗauki komai.

A 2014 faifan ya fito da muryar Ma'azu a ciki. Gunnar ya kira Ma'azu yana rawar murya, ya nuna masa bidiyo. Tsofaffin 'yan ƙungiyar sun sasanta, suna kan dandamali a Istokholm, babban birnin Suwidin, dubban Turawa sanye da baƙaƙen kaya sun ɗaga hannu suna amsawa tare: "Wa ya cinye min wake!" Wata jarida ta ce tsohuwar addu'ar mutanen Sahara ce, mai cike da kaɗaici.

Ma'azu ya dafe kai. Shekara shida yana gyara makharijul hurufi, wato furucin haruffan Larabci, don a ji shi a masallacin Juma'a na garinsu.

"Wai me kake cewa ne a wurin, Ustaz?" in ji Gunnar.

Ma'azu ya fassara masa, bai rage komai ba. Dattijon ya ce duk waƙoƙin da ya rubuta a rayuwarsa babu mai ma'ana kamar wannan. Ya roƙe shi ya zo Suwidin a hau dandamali da shi. Ma'azu ya ce khalas, a bar maganar, jarrabawa gare shi.

Badamasi ne ya nemi a tafi da shi, tunda a cewarsa in ba don shi ba da babu waƙar.