Sunayen da ke Jikin Bangon Teku

Duk wanda ya taɓa cin wake da shinkafar Hajiya Zaratu a McLeansville ya sha labarin bangon teku, ko yana so ko ba ya so. Mijinta Malam Sayibu ba ya gajiya da shi. Yana saurayi a zangon Sekondi, da shi aka yi dakon duwatsun bangon da ke tare ruwa a bakin mashigi, inda teku ke janyewa ta bar laka. Ranar da aka zuba simintin ƙarshe, da yake lokacin bai iya karatu ba, sai ya miƙa wa amininsa Awal ƙusa, ya ce ya rubuta masa Sayibu da Zaratu.

Shekara arba'in yana wannan alfahari. Shi kuwa Awal, da ke tuƙo mota daga Pleasant Garden duk Lahadi, sai dai ya yi murmushi ya ƙara yaji.

Bana 'yarsu Zakiya ta je Ghana. Don ta faranta wa mahaifinta, ta jira ruwa ya janye, ta kutsa laka har gwiwa, ta kankare gansakuka, ta turo hoto. Sayibu ya sa tabarau, ya karanta da bokon da ya koya a Greensboro. Awal da Zaratu, ga shi nan raɗau.

Kishi ya turnuƙe shi, tsofai-tsofai da shi. Ya tuna duk ƙashin kazar da Awal ya tauna a gidansa. Ya ajiye wayar gaban Zaratu, yana jiran ta yi salati, amma ko daina yankan albasa ba ta yi ba.

"Tun simintin bai gama bushewa ba na karanta," in ji ta. "To, wa na biyo Amurka?"

Maganar ta isa ta kwantar wa mai hankali da rai. Shi dai abin da ya tsaya masa a rai, ita da Awal suna da wani abu nasu su biyu, shekara arba'in, yana zuba suna sauraro.

Ya kira Zakiya, ya tambaye ta ko bangon ya fara tsagewa.

"Baba, ko gezau," ta ce da murna. "An ce zai ƙara shekara ɗari. Kun iya aiki."

Sayibu ya kashe wayar. A waje, motar Awal tana shigowa.