Gadar Nazifi da Jar Kibiya

Zazzaɓi ya kayar da Nazifi bayan azahar a ofishin malamai, ya kifa kai kusa da kwamfuta. Gobe 'yan ajinsa za su harhaɗa gada da bulullukan roba na wasa, suna bin zanen da ya tsara musu mataki-mataki. Hedimasta ya riga ya faɗa: in abin ya watse, a kulle bulullukan a sito, yara su koma hadda yadda aka saba. Nazifi kuwa ya dage sai zanensa ya yi kama da tsohon littafin umarnin haɗa bulullukan da ya taso da shi, har ya shafe shafukan da launin ruwan ɗorawa a kwamfuta, ya dusar da launuka.

Sai daɓen ofis ya zama faranti mai ƙuraje a jere, babu abin da ke da inuwa. Wata jar kibiya ta sauko gabansa, muryarta ta Gwaggo Tabawa da ta rene shi.

"Biyo ni, ɗan boko. Ni nuni kawai na iya."

Suka wuce wani mutum na roba sanye da hular hedimasta, ƙafafunsa a manne da farantin.

"Ranka ya daɗe, tashi mana! Ruwa na tafe!"

"A nan aka dasa ni, Malam. Kuma ban ji ciwo ba."

Sai ga kogi, ga gadar an gina rabinta, yara cike a kanta. Kowa ya ɗaga bulo yana duban takarda. A takardar, ja da ruwan ƙasa sun zama abu guda.

"Malam, wanne za mu sa? Malam!"

Ya buɗe baki, bulo ne ya faɗo. Gadar ta soma rawa.

Tsohon littafin ya taso daga ruwa, fari fat, layukansa baƙi wuluk, jansa jawur.

"Wa ya ce maka da tsufa aka haife ni? Haka nake ranar da ka fara buɗe ni. Ka kwashi furfurata, ka bar kaifin idona."

Kibiyar ta juyo ta nuna ƙirjinsa. Ginshiƙin farko ya ɓalle.

Ya farka firgigit, riga jiƙe da gumi. Firinta na ƙugi. Malama Hansatu ta aji huɗu na tsaye tana jera shafuka masu ruwan ɗorawa.

"Sannu, Malam. Na ga ba ka da lafiya, na taya ka bugawa. Ka ci sa'a, da kyar tawadar ta kai mu, ba ta rage ko ɗigo ba."