Motar da Ta Fi Ƙarfin Lungunmu

Ƙanena Imurana in ya sa abu a ransa, ko liman ka kawo ba ya ji. 'Yar ƙaramar motar da babanmu ya rasu ya bari, ita ya ɗauka ya kai wa wani mai walda a Kotobabi. Ran da ta dawo ban gane ta ba. An buɗa mata ƙugu dama da hagu, tayoyi sun leƙo waje, ciki yana neman shafar ƙasa, sai ka ce kwaɗon da ya ƙoshi.

Nan fa unguwa ta rabu biyu. Samarin da ke shan shayi a bakin titin Nima suka ce ko a Dubai sai haka. Direbobin motocin haya, wato trotro, suka ce ramin farko a titi zai raba gardama. Ni kuwa abu ɗaya na tambaya, ko za ta shiga lungunmu. Ya ce in bar zancen mota ga waɗanda suka san mota.

Ba don son surutu na tambaya ba. Mamanmu, Hajiya Awabu, gwiwoyinta sun ƙi ta, kuma duk Alhamis motar nan ce ke zuwa har ƙofar gida ta kai ta ganin likita a Maamobi. Lungun kuwa bango a dama, kwata a hagu.

Ran Alhamis Imurana ya cusa kan mota cikin lungu. Sabon ƙugun ya ci bangon maƙwabcinmu Malam Idrisu, taya ɗaya ta faɗa kwata, ba gaba ba baya. Masu yabon jiya suka koma ba da shawara, kowa hannu a aljihu. Takaici kamar ya kashe ni.

Imurana ya hauro ta saman mota yana gumi, ya durƙusa gaban Mama ya ce ta hau bayansa. Ta ce ba wanda zai goya ta a gaban maƙwabta tana da rai.

"Ubanku da igiya ya auna lungun nan kafin ya sayi motar," in ji ta. "Saboda ni."

Ta dafa kafaɗata, ɗaya hannun a bango, ta ce ko da trotro sai ta je. Sau huɗu muna tsayawa ta huta. Da muka kai bakin lungu, motar ta toshe shi kaf, ko akuya ba za ta ratsa ba. Mama ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyo gare ni.

"Zakiya, mai da ni gida."